Takubban Azbin Amana Ne a Hannunmu

A ƙasar Jamus akwai mutanen da suka duƙufa wajen tara lambobin ƙarfe waɗanda baraden tsohuwar daular Furushiya suke maƙalawa a hulunansu, irin mikiya mai buɗaɗɗun fikafikai da ƙoƙon kan mutum, kuma ba su ganin ƙimar lamba sai sun tabbatar da rundunar da ta sa ta da zamanin da aka ƙera ta. Mai hankali ba zai ɗauki wannan wasa ba, domin al'ummar da ta kiyaye kayan magabatanta, tarihinta ta kiyaye.

Mu ma a Dannat da sauran ƙasar Azbin muna da abin da ya fi lambar hula daraja, wato takobin da uba yake gadar wa ɗansa. Kuma tsakaninsa da Furushiya akwai nasaba, domin Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa ruwan takobi wajen dubu 50 ake kawowa Kano kowace shekara, galibinsu ƙirar Solingen, garin da yake ƙarƙashin mulkin Furushiya a wancan zamani. Wanda ya zare tsohon takobi daga kubensa na jar fata, ya karkata shi ga hasken rana, sau da yawa zai ga hatimin jinjirin wata biyu ko na zaki a jikin ƙarfen, alhali ƙotar da adon tagullarta aikin maƙeranmu ne.

Abin baƙin ciki shi ne, idan fari ya halaka dabbobi, ko aiki ya yanke kamar yadda ya faru da aka rufe mahaƙar uraniyom ta Cominak a Akokan cikin 2021, sai magidanci ya miƙa wa dillali takobin kakansa a kan kuɗin da ba zai kai shi damina ba. Ba na zargin wanda yunwa ta tilasta, gama larura tana da hukuncinta. Amma takobin da ya ƙetare teku ba tare da sunan mai shi ba ya zama ƙarfe kurum, ko da kuwa an riƙe shi a yaƙin Kawsan na 1916.

Saboda haka ya wajaba hukumomin Arlit, da shawarar Sarkin Agadas da malamai da maƙera, su buɗe daftari a rubuta kowane tsohon takobi da garkuwa da sirdin raƙumi, da jerin waɗanda suka gaje shi, kamar yadda malaman hadisi suke kiyaye isnadi. Sannan a tanadi gidan ajiya da asusun da zai saya daga mabuƙaci da farashin adalci, don kayan su tabbata a ƙasarsu. Dattawan da suka san asalin waɗannan takubba suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta daga bakinsu yau ba, babu mai ba da shi gobe.