Tsarabar Abin Sha da Ladabin Kai Ta Gidan Aboki

A wannan mako filinmu zai ya da zango a ƙasar Jama'are da Katagum ta Jihar Bauchi, domin mu tattauna wani al'amari wanda mutane da yawa suke ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ya sha shiga tsakanin aminai, ya kuma sha kwantar da mutane a gadon asibiti. Watau abin shan da mutum yakan riƙo in za shi gidan abokinsa: yadda ya kamata ya zaɓe shi, da yadda zai miƙa shi, da kuma yadda za a karɓe shi.

Ba banza muka zaɓi wannan ƙasa ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san sai ya ratsa Jama'are kafin ya faɗa Azare. Muhammadu Wabi ne ya kafa masarautar Jama'are a shekarar 1811, kuma tun daga wancan zamani aka san ta da Fulani da shanu da fadamar kogin da ya ɗauki sunan garin. Maƙwabciyarta Katagum kuwa Malam Zaki ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, daga baya hedkwatarta ta komo Azare a shekarar 1916. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da nono. Inda waɗannan suka haɗu kuwa, lalle ba za a rasa fura mai kyau ba, da kunun zaƙi, da kunun tsamiya, da kunun gyaɗa, da na kanwa, balle zoɓo da lamurje da kunun aya.

A da can, in mutum ya tashi ziyarar amininsa, cikin gida zai aika a dama masa fura ko a kwana da shirin kunu, a zuba a ƙwarya ko kwano, a rufe da faifai, yaro ya ɗauko. In kuwa daga ƙauye ya fito, ƙwaryar kindirmo ita ce tsarabarsa. Kowane gida da irin hannunsa. Akwai gidan da aka san furarsa da yawan citta, akwai wanda aka san kununsa da kauri, har ma mai sha yakan kurɓa sau ɗaya ya faɗi gidan da aka dama.

To, sai zamani ya zo da lemon kwalba. An kafa kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a Nijeriya a shekarar 1951, Maltina kuma ta shigo kasuwa a shekarar 1976, sauran suka yi ta biyo baya. Sannu a hankali katan ɗin lemo ya zama shi ne ma'aunin girmamawa. Yau sai ka ga saurayi a Azare yana jin kunyar shiga gidan abokinsa da gorar kunun da mahaifiyarsa ta dama, amma ba ya jin kunyar cin bashi domin ya sayi lemon gwangwani. Ya ɗauka tsada ita ce daraja.

Abin mamaki, ƙasashen da suka koya mana kwalba tuni suka fara juyowa daga wannan hanya, ko da yake su a kan giya abin ya faru. A shekarar 1971, waɗansu mutanen Ingila huɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira CAMRA, saboda sun gaji da giyar manyan kamfanoni wadda ɗanɗanonta ɗaya ne ko ina aka je, suna neman a komo wa irin ta gargajiya. A Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a shekarar 1978 kan dokar da ta yarje wa mutum ya dafa giyarsa a gida. A wancan lokaci masana'antun giya a Amurka duka ba su kai 100 ba, amma a shekarar 2023 sun haura 9,000, galibinsu kuwa ƙanana ne, kowace tana alfahari da irin hannunta. Har ma suna da ladubbansu na ziyara: baƙo ya riƙo kwalba, ya miƙa wa mai gida, ya bar masa zaɓin buɗewa ko ajiyewa.

Giya dai haramun ce ga Musulmi, babu mai gardama a kan wannan, kuma Jihar Bauchi ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2001. Ba giyar muke hange ba. Abin lura shi ne, su sun gane cewa abin da hannu ya yi, wanda aka san mai yinsa, ya fi na injin da bai san kowa ba. Mu kuwa da Allah ya hore wa abin sha na halal iri-iri, wanda iyayenmu mata suka ƙware a kai, sai muka juya masa baya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake yi duk kunu ya fi duk lemo ba. Abin da nake son masu karatu su riƙe shi ne wannan: tsarabar abin sha ta mutanen gidan da za ka je ce, ba taka ba ce. Ba da kuɗin da ka kashe ake auna ta ba, da irin sanin da ka yi wa gidan ake auna ta. Daga wannan tushe sauran ladubban suka tsiro.

Na farko, ka san lafiyar mutanen gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samun ƙarfi da shi a yini, watau kimanin giram 50, ko cokalin shayi 12, ga babban mutum. Lemon da aka zaƙaƙa da sukari zalla kuwa yakan ɗauki wajen giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan gora ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yini ɗungum. Wannan na cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya, a Dokar Kuɗi ta shekarar 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha. Saboda haka wanda ya kai katan ɗin lemo gidan da dattijo yake fama da ciwon sukari, ya kai masa jarrabawa ce, ba alheri ba. Haka nan mai gyambon ciki ba a kai masa lamurje mai yaji ko zoɓo mai tsami. Mace mai juna biyu ma gara ta tambayi likita kafin ta yawaita zoɓo. Dabarar iyayenmu ita ce a kai fura da nono ba a sa sukari ba, kowa ya sa daidai bakinsa.

Na biyu, ka san hannun da ya yi abin da ka ɗauko. A nan ne abin sha na gida yake da nasa hatsarin, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. A cikin watan Maris na shekarar 2021 mutane suka yi ta faɗuwa a Kano bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Hukumomin lafiya na jihar suka ce mutum 10 sun rasu, ɗaruruwa kuma aka kwantar a asibiti, waɗansunsu da ciwon ƙoda. A wannan shekara dai Jihar Bauchi tana cikin jihohin da annobar kwalara ta fi yi wa ɓarna, ita kuwa kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci take bi. Ashe kuwa tilas ne mai kai tsaraba ya tambayi kansa: da wane ruwa aka dama? Ƙanƙarar da aka jefa a ciki daga ina ta fito? Gorar robar da aka ɗura a ciki, sabuwa ce ko daga bola aka tsinto aka ɗauraye? In ba ka san amsa ba, gara ka sayi ɗanyen kaya, kamar dabino ko aya ko busasshen zoɓo ko curin fura daga wurin wadda ka amince da tsabtarta, ka kai a sarrafa a can. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, ka san lokaci. Kunun zaƙi abu ne mai rai. Ana jiƙa gero ko dawa, a niƙa da citta da kanumfari da masoro, a raba ƙullun gida biyu. Kashi mafi yawa a dama shi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba masa ɗanyen da aka niƙa tare da busasshen dankali ko tsiron hatsi, a rufe ya kwana. Wani sinadari da ke cikin dankalin ko tsiron shi ne yake sassauta kaurin, ya mai da shi zaƙi. To, wannan aiki ba ya tsayawa don an tace an ɗura a gora. In aka bar shi cikin zafi sai ya ci gaba da tsami, ya fara kumfa, gora ta kumbura, in ya daɗe ma ya kama hanyar zama abin maye, domin ita ma burukutu daga tsiron dawa ake yin ta. Kunun aya ya fi shi saurin lalacewa, don a zafin bazara sa'o'i kaɗan sun isa su juya shi in babu sanyi. Wanda zai taso daga Jama'are da rana tsaka zuwa Azare, a gidan da za shi kuma ba tabbas akwai wutar firji, sai ya yi lissafi tun kafin ya ɗauko. Ruwa ba ya tsami banza.

Na huɗu, ka ƙirga mutanen gida. Gidan Bahaushe ba mai gida kaɗai ba ne. Akwai uwargida, wataƙila da amarya, ga yara, ga tsohuwa a ɗakinta. Gwangwani biyu masu tsada a gidan mutum goma sha biyar rigima ce ka kai, domin ko yara su yi kuka, ko wani ɗaki ya ce an fifita wani. Jarkar zoɓo mai tsabta wadda za ta zagaya kowa ta fi su albarka nesa ba kusa ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, kada ka ambaci sunan wadda za a kai wa. Miƙa wa mai gida, shi ya san mai girki, ya kuma san yadda ake rabo a gidansa.

Na biyar, kada tsarabarka ta ture ruwan maraba. Shayar da baƙo haƙƙin mai gida ne, kuma mutuncinsa ne. In an kawo maka ruwan randa ko fura, ka sha ko da kurɓi biyu ne, ka yi godiya. Babban rashin ladabi ne ka ture abin da aka ba ka, ka ce a buɗe maka wanda ka zo da shi, domin ka nuna ke nan ba ka amince da gidan ba. Abin da ka kawo, da zarar ya bar hannunka ya shiga cikin gida, ya fita daga mulkinka. Kada ka tambaya ko an sha, kada ka faɗi nawa ka saya, kada kuma ka ɗauki ragowa in za ka tafi.

Na shida, ka kame bakinka game da ɗanɗano. A cikin mashaya giyar Turawa da muka ambata akwai waɗanda su kansu 'yan'uwansu suke ƙorafi da su, saboda ba a zama da su sai sun raina abin da wani yake sha. Mu ma muna da irinsu: wanda zai kurɓi kunun matar abokinsa ya ce citta ta yi kaɗan, ko ya ce furar garinsu ta fi wannan laushi. Ya manta mai damun tana bayan labule tana ji. Wani yana son nono mai tsami, wani sai kindirmon da ya kwana ɗaya. Baki daban-daban ne, kuma ba gasa aka kira ka ka yi alƙalanci ba.

Na bakwai ya shafi zaman tare. Azare gari ne da ya tara baƙi, ga 'yan kasuwa daga kudu, ga malaman kwalejin ilimi, ga ma'aikatan asibiti, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a shekarar 2021. Abota tana ƙulluwa tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Wanda ba Musulmi ba ya sani ba a shiga gidan Musulmi da giya ko da wasa. Mai saye kuma ya riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, domin akwai masu kama da lemo alhali da barasa a ciki. Shi kuma Musulmi in ya ziyarci abokinsa da ba Musulmi ba, ya riƙa masa zoɓo ko fura, ya sha abin da ya halatta gare shi, ya bar binciken abin da ba a nuna masa ba.

Mai gida ma da nasa nauyin. Ya karɓi tsaraba da hannu biyu da sakin fuska, ko da kuwa ƙullin tsamiya ne, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kada ya kwatanta abin da wane ya kawo da abin da wane ya kawo. In yaro aka aiko, a ba shi tukwici, kwano kuma a mayar da shi a wanke, in da hali da ɗan wani abu a ciki, kamar yadda maƙwabta suke yi da kunun buɗa baki a watan azumi.

Daga ƙarshe ina kira ga matasanmu, maza da mata, su zauna kusa da iyayensu su koyi damun fura da haɗin kunu tun masu sanin suna raye. Mata masu wannan sana'a kuma su riƙe tsabta, su tafasa ruwa, su nemi gora mai kyau, su guji garin da ba su san asalinsa ba, domin amana ita ce jarinsu. Kuɗin da muke kashewa a kan katan, in muka karkatar da rabinsa ga mai kunu da mai nono na unguwarmu, a garinmu zai tsaya, ya biya kuɗin makarantar yaran da muka sani. Zumunta a ƙafa take, abin da ke hannu rakiya ne kawai. Allah ya bar mu da masoyanmu, ya kare mu da lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.