An Sayar Maka da Gida, an Riƙe Makullin Ɗaki

A garuruwanmu na bakin iyaka, daga Dungas zuwa Magarya, rumfar wasan bidiyo ta zama dandalin yara na zamani. Saurayi ya tara ƴan kuɗinsa, ya sayo na'ura ta gwanjo da ta biyo hanyar Kano, ya haɗa ta da talabijin da batir, yara suna biyan ƴan daloli suna yin wasa. Malamai da yawa suna kukan lokacin karatu da ake ɓatawa a can, kuma kukansu yana bisa hanya. Amma akwai wata cuta da ba a faɗi, wadda ake yi wa mai rumfar da yaran baki ɗaya: wasan da aka sayar musu ba cikakke ba ne.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, wata na'ura mai ido da kunne da ke karanta motsin jiki da muryar mai wasa. Aka ce sayenta ganin dama ne. To, amma a 2011 wasan Halo: Combat Evolved Anniversary ya fito da wani sashe na bincikar abubuwa da adana bayaninsu, wanda ba ya buɗuwa sai ga mai Kinect. Sashen yana cikin wasan da ka biya, amma an hana ka shiga. A wannan shekara kuma Nintendo ya fitar da Zelda: Skyward Sword, wanda ba ya tashi sam sai da ƙarin na'urar MotionPlus. Ina ganin dama a nan?

Masu kare kamfanonin suna cewa ƙirƙira tana cin kuɗi, dole a kwaɗaita wa mutane sabon abu. Mun ji. Sai dai kamfanonin da kansu sun warware wannan hujja. A 2013 an tilasta wa mai sayen Xbox One ɗaukar Kinect a kan dalar Amurka 499. Da kasuwa ta juya baya, a 2014 aka cire ta, farashi ya sauko 399. A 2017 aka daina ƙera ta. Shi kuwa wasan Zelda, da aka sabunta shi a 2021, sai ga shi ana yinsa da maɓallai kawai. Ashe ƙofar ba ta rasa hanya ba, da gangan aka garƙame ta.

Ɗan Turai ya yi fushinsa, ya sayi sabuwar na'ura, ya manta. Mu da kaya ke iso mana bayan shekaru, jiki daban, kayan haɗi daban, mu ne kullen ya zame wa na har abada. Ko an dace da Kinect ɗin, tana bukatar fili na kusan mita 2 tsakaninta da mai wasa, a rumfar da yara ke zaune kafaɗa da kafaɗa bisa benci, kuma ba ta jin Hausa.

A kwatanta da dara: gurabe 30 a ƙasa, ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, ƙa'ida ɗaya ga sarki da talaka. Ba a taɓa jin wanda aka hana cin ɗan abokin wasansa don bai sayi wani kara na musamman ba.

Ba cewa nake yi a rufe rumfuna ba, don hani ba ya koya wa yaro komai. Kirana ga malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su mai da wannan zance darasi. Yaron da ya saba biyan kuɗin abu cikakke ana miƙa masa rabi, gobe haka zai karɓi rabi a waya, a littafi, har a wurin hukuma, bai ce uffan ba. Mu koya masa tambayar da kowane ɗan kasuwar Dungas ke yi kafin ya sallama kuɗinsa: abin nan da na saya, duka nawa ne, ko da saura a hannunka?