Bakin da aka rufe, namu ne

Jama'a, ni ba ɗan jarida ba ne, malamin makaranta ne, alli ne kayan aikina. Amma duk sanda na ji wani a majalisar shayi yana cewa "ina ruwanmu da rigimar gwamnati da 'yan jarida", sai raina ya ɓaci.

Kun manta da Ahmed Abba? Wakilin sashen Hausa na RFI ne, da harshenmu yake ba mu labarin ta'asar Boko Haram. A watan Yulin 2015 aka kama shi a Marwa, kotun soja ta yanke masa shekara 10 a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014. Sai a Disambar 2017 ya shaƙi iskar 'yanci. Tun daga nan, wane ɗan jarida ne zai je ƙauyukan arewa ya yi tambaya ba tare da gabansa na faɗuwa ba?

Abin ba yau ya fara ba. A 1997 an ɗaure Pius Njawé, mai jaridar Le Messager, don ya rubuta labarin lafiyar Shugaba Biya. A Janairun 2023 aka sace Martinez Zogo na rediyon Amplitude FM, aka tsinci gawarsa kusa da Yawunde. Inna lillahi! A Oktoban 2024 kuma ministan cikin gida ya haramta tattauna lafiyar shugaban ƙasa a kafafen yaɗa labarai.

Mu malamai mun san amfanin jarida mai zaman kanta. Da muka shiga yajin aikin OTS a 2022 kan haƙƙoƙinmu da aka daɗe ana riƙewa, su suka ɗauki kukanmu har ya isa sama.

Wallahi na sani, akwai 'yan jaridar ambulan, masu sayar da alƙalaminsu. Wanda aka ɓata wa suna ya je kotun farar hula. Amma ƙarya ba ta halatta azabtarwa ba.

Mu tsiraru ne. Babban mutum yana da lambar wayar minista, mai tireda a Birketari ba shi da kowa sai wanda zai rubuta kukansa. Don haka mu riƙa sayen jarida ko da sau ɗaya a mako, mu daina karatun kanun labarai a tsaye a gaban mai sayarwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kare masu faɗin gaskiya.