Iyalin Likita Ma Suna Bakin Daga



Tun daren 30 ga Maris 2020 da dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, kowa ya shiga lissafin asararsa. Mai kayan gwari a Mile 12 na kukan tumatir da ya ruɓe, ɗan acaba na kuka, mai canji na kuka, kuma duk da gaskiyarsu. Amma akwai gidan da ba mu cika lissafawa ba, wato gidan likita. Mu an ce mu zauna a gida don mu tsira, shi kuwa doka ta ce ya fita ya nufi inda cutar take.

Ku ɗauki likitan da ke aiki a lokacin a asibitin koyarwa na Idi-Araba, ko a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Da asuba yake fita. In ya shiga ɗakin masu korona sai ya sa rigar kariya tun daga kai har ƙafa, da safar hannu, da takunkumi, da gilashi. A zafin Legas kuwa, mutum na cikin wannan riga gumi ke bin bayansa kamar an sheƙa masa ruwa, kuma ba ya cire ta don kayan ba su da yawa, wadda aka cire ta tafi ke nan. Ga azumi da aka fara tun 24 ga Afrilu 2020. Wanda ya yini a inuwa ma ya san yadda la'asar take.

Wahalar da ta fi ita ce ta komawa gida. Yaro ya ji motar babansa ya sheƙo da gudu, uwar ta riƙe shi. Uban ya tuɓe takalmi a waje, kayan jikinsa su tafi cikin bokitin ruwan Hypo, ya wuce banɗaki kafin ya ce wa kowa sannu. Wasu sun ware ɗaki da kwano da cokali, wasu sun kwashe iyali sun kai gidan dangi, suna gaisawa ta bidiyo a WhatsApp. Ta yaya za ka fahimtar da yaro ɗan shekara uku cewa babansa bai yi fushi da shi ba? Wannan aikin uwargida ne, kuma ba wanda ke biyanta. A lokacin makarantu a rufe suke, ita ce malama, ita ce mai cefane, ita ce mai kwana da kunne a buɗe ko maigida ya yi tari cikin dare. In kuma matar ce likitar, ga goyo, lamarin ya ninka.

Tsoron nan ba na banza ba ne. A ƙarshen Afrilu 2020 ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce ma'aikatan lafiya 113 sun kamu. Farkon watan ne wani likita ya rasu a Daura, aka gwada iyalinsa aka sami wasu na ɗauke da cutar. Mazauna Legas kuma ba su manta da Dakta Stella Adadevoh ba, wadda ta hana Patrick Sawyer barin asibiti a Obalende a 2014, ta tsare garin nan daga Ebola, cutar ta yi ajalinta. A lokacin, kuɗin kasada da aka daɗe ana ba likita a wata naira 5,000 ne. Gwamnati ta yi alƙawarin ƙari a lokacin. A kan haka kuma ga tsangwama a hanya: bayan an sassauta kulle ranar 4 ga Mayu an sa dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe, jami'an tsaro suka riƙa tare ma'aikatan lafiya, har ƙungiyar likitoci reshen Legas ta umarci 'ya'yanta su zauna a gida ranar 20 ga Mayu.

Wannan laifin hukuma ne. Namu fa? Shi ne dalilin rubutun nan.

Na farko, ɓoye gaskiya. A lokacin, mutum ya dawo daga tafiya, ga zazzaɓi ga tari ga numfashi da ƙyar, sai ya ce wa likita maleriya ce, bai je ko'ina ba. Yana gudun a kai shi Yaba a killace, ko a ce gidansu ne aka fara samu a unguwa. Na fahimci tsoron, amma likitan da ya duba ka ba tare da cikakken kayan kariya ba saboda ka ruɗe shi, abin da ya kwasa wa 'ya'yansa zai kai. Amana ce ka ci, ko da ba ka yi niyya ba.

Sai ƙyama. A lokacin, a wasu gidajen haya an riƙa hana yara wasa da 'ya'yan ma'aikatan asibiti, matar likita ta zo ɗibar ruwa a famfo mata su watse. Abin mamaki, mutanen nan su ne ke kiran mijinta ƙarfe biyun dare idan yaro ya suma. A lokacin ba da tazara wajibi ne ga kowa, likita da wanda ba likita ba. Juya baya daban ne, kuma matar ta san bambancin.

A lokacin kuma akwai masu cewa korona ta masu kuɗi ce, ko ma babu ita, kwangila ce. Mai wannan magana a majalisa ya sani cewa a kan mutumin da ya yi makonni bai ɗauki ɗansa ba yake yi.

Shawarata ga sarakunanmu na Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, da limamai da shugabannin matasa: a san gidajen ma'aikatan lafiya na cikinmu, likita da nas da mai shara a asibiti duka.  A samu masu yi musu cefane su ajiye a bakin ƙofa, mata su riƙa kiran uwargida a waya ana gaisawa. Limamai kuma, a saƙonnin da suke turawa, su faɗa wa jama'a ƙarara cewa duk wanda ya je asibiti ya faɗi inda ya je da wanda ya yi hulɗa da shi, tun kafin likita ya taɓa shi.