Gudun Hijirar Siyasa: Tsira da Rai da Neman Gurbin Zama

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk da haka, akan sami lokacin da zama a gida kan gagara, musamman idan masu mulki suka sa mutum gaba saboda ra'ayinsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa. A irin wannan hali, babu mai ganin laifin wanda ya kwashe iyalinsa ya ƙetara iyaka. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙetare iyaka aikin kwana ɗaya ne, amma samun gurbi a ƙasar da aka je aiki ne da kan ci rayuwar mutum, har ya gangaro kan 'ya'ya da jikoki. Wannan ne ya sa ya kamata a daina ɗaukar hijira a matsayin ƙarshen wahala.

Tarihin ƙasar Hausa ya tanadi misali babba game da wannan al'amari. A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin mulkin Turawa, ya nufi gabas tare da ɗimbin jama'a. A watan Yuli na shekarar aka kashe shi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran mabiya har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Waɗannan bayin Allah, tare da mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, sun noma ƙasa sun raya ta, kuma ƙarfinsu ya taimaka ƙwarai wajen noman auduga a Jazira bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925.

To, amma gumin da suka zubar bai mayar da su 'yan ƙasa ba. Dokar da aka kafa a 1948 domin fayyace wane ne ɗan Sudan ta ɗora sharaɗin cewa sai wanda shi ko kakanninsa ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Da wannan alƙalami guda aka bar mutanen Mai Wurno a waje, domin sun iso bayan 1903. Daga baya, a dokar 1994 aka matso da wa'adin zuwa farkon 1956, shekarar samun mulkin kai. Ko da takarda ta samu, zukata ba su gama karɓa ba. A 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan mallakar ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Wato bayan fiye da shekara 100, har yanzu akwai masu kallon jikokin muhajirai da idon baƙi.

Daga wannan tarihi za a fahimci cewa ƙofofi uku ne ke gaban duk wanda ya bar ƙasarsa, kuma buɗuwar ɗaya ba ta tabbatar da buɗuwar sauran. Ta farko ita ce izinin zama. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana a mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, kuma yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda yaƙi ko hargitsi ya kora. Sai dai wannan kariya ba ta samuwa sai mutum ya gamsar da hukuma cewa tsoronsa na da tushe. Wanda kawai ya gaji da gwamnatin ƙasarsa, ba tare da ana farautarsa ba, ba ya cikin wannan rukuni. Dole ya bi hanyar biza ta aiki ko ta karatu ko ta iyali. A Afirka ta Yamma ma, yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ECOWAS kwana 90 ta bai wa ɗan ƙasashen ƙungiyar ya zauna ba tare da biza ba. Shi kuma izinin zama abu ne mai rauni, domin gwamnati kan janye shi da zarar iska ta juya. A 1969 Gana ta kori baƙin da ba su da takardu, ciki har da Hausawa da Yarabawan da suka daɗe a can, sannan a 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, wadda ta shafi 'yan Gana masu yawan gaske.

Ƙofa ta biyu ita ce zama ɗan ƙasa, wadda ta fi ta farko nauyi, domin ita ce ke ba mutum damar jefa ƙuri'a da riƙe fasfo da kwana cikin natsuwar cewa ba za a kore shi ba. Yarjejeniyar 1951 ta buƙaci ƙasashe su sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira wannan hanya, amma ba ta tilasta su ba. Kowace ƙasa da tsawon wa'adinta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya nemi baƙo ya shekara 15 a ƙasar kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Haka kuma, siyasa kan mayar da wannan haƙƙi makami. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ta kai shi Chadi bisa da'awar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan har zaɓaɓɓen wakili zai wayi gari baƙo a ƙasar haihuwarsa, ina ga talakan da ya je ƙasar wasu hannu rabbana?

Ƙofa ta uku, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce kiwon lafiya. Mai shirin gudu ba ya tuna ciwo, amma ciwo ba ya neman biza kafin ya kama mutum. A ƙasashe da dama, hanyar da mutum ya shiga ita ke yanke irin kulawar da zai samu. A Ingila, alal misali, mai neman mafaka yana samun magani a asibitocin gwamnati kyauta, amma wanda ya shiga da bizar aiki sai ya biya kuɗin lafiya na musamman da aka ƙirƙiro a 2015, wanda aka ɗaga zuwa fam 1,035 a shekara ga babban mutum a 2024. Shi kuwa wanda ba shi da takarda ko kaɗan, yakan ƙi zuwa asibiti don tsoron tonuwar asiri, har ƙaramin ciwo ya zama babba. A sansanonin 'yan gudun hijira irin na Minawawo da aka buɗe a Kamaru a 2013 domin 'yan Nijeriyar da rikicin Boko Haram ya kora, magani ya dogara ne ga tallafin ƙungiyoyin agaji, wanda kan ragu idan hankalin duniya ya koma wani wuri.

Wasu za su ce ai rai ya fi komai, kuma wanda ake nema da takobi ba ya tsayawa lissafin takardu. Wannan gaskiya ce da ba ta da ja. Hijira halal ce ga wanda aka zalunta, kuma tana da asali mai daraja a tarihin Musulunci da na ƙasar Hausa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda wuta ta koro da wanda ɓacin rai ya tunzura. Na farko ba shi da zaɓi, don haka nauyinsa na wuyan ƙasar da ta karɓe shi: ta ba shi takarda a kan lokaci, ta yi wa 'ya'yan da ya haifa rajista, kada su tashi ba su da ƙasa nan ba su da ƙasa can. Na biyu kuwa yana da lokacin tunani, saboda haka wajibi ne ya san wace ƙofa ce za ta buɗe masa kafin ya sayar da gonar gado.

A nan ne aikin malami ya shigo. Malamin da zai koyar a garuruwan bakin iyaka, ko a duk inda aka tsugunar da waɗanda rikici ya raba da gidajensu, zai tarar da ɗaliban da ba su da takardar haihuwa, wasu ma Hausarsu ta sha bamban da ta sauran yara. Haƙƙinsa ne ya karɓe su ba tare da gori ba, ya hana a riƙa kiransu da sunayen wulaƙanci, ya kuma wayar da kan iyaye game da yi wa yara rajista a Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Haka nan, idan ya zo koyar da tarihin Sarkin Musulmi Attahiru, kada ya rufe littafi a Burmi. Ya bi sawun muhajiran har Mai Wurno, domin ɗalibai su ga abin da ya biyo bayan tafiyar. Yaron da ya san cewa 'yan'uwansa sun shafe ƙarni guda suna neman a karɓe su a bakin Nilu, zai fi sanin darajar baƙon da ke zaune kusa da shi a aji, zai kuma fi riƙe amanar ƙasarsa idan wata rana mulki ya zo hannunsa.