Wayar Salula Ta Mai Ita Ce: Kira Ga Hukumar ARCEP Tun Kafin Kulle Ya Zama Al'ada

Wayar salula da ke hannun manomi ko ɗan kasuwa a ƙaramar hukumar Gouna, cikin gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, na'ura ce da ta tara ayyuka iri-iri a jiki ɗaya, kuma ba dukansu ne ke bi ta eriyar kamfanin da ya sayar da layi ba. Kira da saƙo da intanet ta hannun kamfani suke bi, shi ya sa ake biyan kuɗinsu. GPS kuwa, wato tsarin da ke nuna wa mutum daidai wurin da yake tsaye a doron ƙasa, sigina ce da waya ke karɓa kyauta daga taurarin ɗan'adam, ko da babu layi a cikinta. Bluetooth shi ma rediyo ne mai gajeren zango, wanda ke haɗa waya da waya a tazarar da galibi ba ta wuce mita goma ba, ba tare da an taɓa kuɗin kati ba. Matsayin wannan jarida shi ne cewa duk abin da aka ƙera waya da shi mallakin wanda ya saye ta ne, kuma kamfanin sadarwa ba shi da hurumin rufe shi ko rage masa ƙarfi don ya tilasta wa mutum sayen hajarsa.

Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa kamfanoni suna yin haka duk inda doka ta yi shiru. A Amurka, inda aka daɗe ana sayen waya daga hannun kamfanin layi tare da yarjejeniyar shekara biyu, kamfanin Verizon ya fito da wayar Motorola V710 a 2004 bayan an kashe mata sashen Bluetooth da ke tura hotuna da sauti zuwa wata na'ura, ta yadda mai son fitar da hotonsa sai ya bi ta hanyar da kamfani ke cajin kuɗi. Masu saye sun haɗa kai sun shigar da ƙara, aka ƙare da sulhu. Kamfanin ya kuma taƙaita GPS a wasu wayoyin BlackBerry ga manhajarsa ta nuna hanya wadda ake biya duk wata, sannan a 2012 ya biya dala miliyan 1.25 don sasanta binciken hukumar sadarwa ta FCC kan batun toshe manhajojin da ke bai wa mutum damar raba intanet ɗin wayarsa da kwamfuta. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 2014 kafin buɗe wayar da aka kulle a kan layi ɗaya ya sake zama halal ga mai ita. Kanada ta hana sayar da kullallun wayoyi daga Disamba 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disamba 2021.

Damagaram ba ta ɗanɗana wannan salon kulle sosai ba, kuma dalilin yana cikin yadda kasuwarta take. Mutumin Gouna yana sayen wayarsa da kuɗinsa a shago, a kasuwar Dole ta birnin Zinder ko daga ƴan kasuwar da ke sarin kaya a Farm Centre ta Kano, daga baya ya nemi layi daban. Wayoyin Tecno da Itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda suka mamaye hannun talakawa, suna ɗaukar layi biyu, don haka mutum yana iya haɗa Airtel da Moov Africa, ko Zamani Telecom da Niger Télécoms, mai zirga-zirga zuwa Daura ko Kano kuma ya ajiye layin Najeriya a gefe. Wannan ƴanci ya samu ne saboda kamfanonin layi ba su riƙe cinikin na'urar ba, kuma abin da yanayin kasuwa ya bayar, yanayin kasuwa yana iya karɓe shi.

Amfanin wannan ƴanci ya fi bayyana a karkara, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa kuma kuɗin mega ke da nauyi a aljihu. Ta Bluetooth da katin memori da manhajar Xender ne tafsirin azumi da karatun malamai da waƙoƙi da finafinan Hausa da saƙonnin murya kan farashin hatsi ke yawo daga waya zuwa waya, kuma masu sana'ar tura waɗannan abubuwa a bakin kasuwa da tasha suna ciyar da iyali da ita. GPS shi ma ya shiga harkar ƙasa, domin tun da Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye a matakin gari da ƙaramar hukuma, shata iyakar gona da burtali da makiyaya ya zama ginshiƙin rigakafin rikicin manoma da makiyaya, kuma wayar da ke iya ɗaukar lambobin wuri tana sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Duk wanda ya rufe waɗannan sassa na waya, ya taɓa ilimi da sana'a da zaman lafiyar jama'a a lokaci ɗaya.

Ƙofa ta farko da kulle zai iya shigowa ta cikinta ita ce wayar bashi. Kamfanoni irin su M-KOPA, wanda ya fara a Kenya ya kuma shigo Najeriya da Gana, suna ba da babbar waya a kan ɗan kafin alƙalami, mai saye ya riƙa biya kullum ko mako-mako, kuma a cikin wayar akwai manhajar da ke kulle ta daga nesa da zarar an saɓa biya. Safaricom ta Kenya ta ɓullo da irin wannan tsari a 2020 tare da haɗin gwiwar Google. Tsarin yana da alherinsa, domin yana kai waya hannun wanda ba zai iya biya a dunƙule ba. Amma manomin da kuɗinsa ke zuwa da kaka yana ƙarewa da bazara ba ya cikin lissafin biyan kullum, kuma wanda ke da ikon kulle waya daga nesa yana da ikon zaɓar layin da za a saka mata da manhajar da za ta zauna a ciki. Abin da ya samu gindin zama a Kano ba ya daɗewa bai haye iyaka ba.

Ƙofa ta biyu ita ce fifita wasu manhajoji a kan wasu ta hanyar farashi. A 2015 Airtel da Facebook sun sanar da shirin Free Basics a ƙasashen Afirka da dama, shirin da ke bai wa mutum damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, sauran intanet kuma sai da kuɗi. Hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan bambancin farashi a Fabrairu 2016, bisa hujjar cewa kamfani bai cancanci ya zaɓa wa jama'a abin da za su gani ba. Ƙa'idar da ake karewa a nan ita ce daidaiton intanet, ma'ana kamfani ya ɗauki kowane saƙo daidai da ɗan'uwansa ba tare da duba daga wace manhaja ya fito ba. Batun ya shafi Nijar kai tsaye ta fuskar aika kuɗi, domin kamfanonin layi suna da nasu asusun waya, irin su Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, alhali kamfanonin gida irin su Nita da Amana suna da manhajojinsu waɗanda dole sai sun hau intanet ɗin waɗannan abokan takara kafin su yi aiki. Inda mai hanya ke takara da masu bin hanyar, wajibi ne a samu alƙali mai ido.

Darasin katse intanet ma bai kamata a manta da shi ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021, wanda aka fafata tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane ɗan Damagaram, an katse intanet na wayoyin salula a faɗin ƙasar na kimanin kwana goma, sannan a Satumban wannan shekarar aka rufe layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara ta Najeriya da wasu sassan Katsina da Sakkwato. A irin waɗannan lokuta, sassan waya da ba su dogara da eriya ba su ne kaɗai ke rage wa mutum.

Kamfanoni suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Mai ba da bashi yana buƙatar jingina, kafa eriya a ƙauyen da babu lantarki yana cin kuɗi mai yawa, kuma akwai manhajojin damfara da ya dace a kare jama'a daga gare su. Sai dai waɗannan hujjoji suna halatta kulle mai iyaka ne kawai, wanda aka bayyana wa mai saye tun farko, kuma wanda zai ƙare ranar da bashi ya ƙare.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga ARCEP, hukumar da aka kafa a 2018 don sa ido kan sadarwa da gidan waya, da ta shimfiɗa ƙa'idoji bayyanannu. A haramta wa kamfanin layi kashe GPS ko Bluetooth ko hana saka halastacciyar manhaja a wayar da ya sayar. A wajabta bayyana sharuɗɗan wayar bashi da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a rubuce da kuma ta murya saboda waɗanda ba su yi boko ba, tare da adadin kuɗin da za a biya gaba ɗaya. A tabbatar cewa ko a lokacin kulle, kiran gaggawa da hotuna da lambobin mutum suna hannunsa, kuma a cire manhajar kulle kyauta da zarar an kammala biya. A hana kamfani rage gudun manhajar abokin takararsa ko ƙara mata farashi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da gidajen rediyon al'umma na jihar Damagaram su kuma ɗauki nauyin wayar da kai, mahukuntan ƙananan hukumomi irin su Gouna su buɗe hanyar karɓar koke daga mutanen da ba su da halin zuwa Yamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rubuta waɗannan ƙa'idoji a yau, kafin dubban mutane su sa hannu a yarjejeniyar da ba su iya karantawa ba, shi ne aikin da aka kafa hukumar dominsa.