Cibiyoyin Adana Bayanai: Muna Kallon Gini, Mun Manta Da Jijiyoyi

A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, abin da ya faranta ran duk mai kishin Arewa, ganin cewa mafi yawan irin waɗannan cibiyoyi a Legas suke. To amma a duk bikin buɗe irin wannan wuri, abin da ake nuna wa jama'a shi ne ginin, da na'urorin sanyaya ɗaki, da jerin manyan kwamfutoci masu ƙyaftawar fitilu. Da wuya ka ji wani ya ambaci igiyoyin da ke bayan waɗannan kwamfutoci, alhali su ne jijiyoyin da jinin aikin ke bi.

Bari mu ɗan fayyace wa mai karatu. Cibiyar adana bayanai ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci ne da ke magana da juna dare da rana. A da, wayar jan ƙarfe ce ke haɗa su, kuma ta yi aikinta. Sai dai duk sa'ad da gudun bayanai ya ƙaru, tazarar da jan ƙarfe zai iya kai saƙo ba tare da ya gurɓace ba tana raguwa. A gudun gigabit 100 cikin daƙiƙa, kebul ɗin jan ƙarfe na kai tsaye ba ya wuce mita 3 zuwa 5, wato iyakarsa kanta guda ko wadda ke maƙwabtaka da ita. Ga kauri, ga nauyi, ga tare hanyar iskar da ke sanyaya na'urori idan ya yi yawa.

Maganin wannan shi ne zaren gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa a madadin lantarki. Tun a 1966 Charles Kao ya nuna cewa gilashi mai tsarki zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa, aikin da ya samar masa lambar Nobel a 2009, sannan a 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya cika wannan sharaɗi. Daga cikin jikokin wannan bincike akwai kebul ɗin da masana ke taƙaita sunansa da AOC. Zaren gilashi ne da aka liƙa wa 'yar na'ura a kowane baki tun daga masana'anta: ɗaya ta mayar da lantarki haske, ɗayar ta sake mayar da hasken lantarki. Kwamfuta ba ta san bambanci ba, amma saƙon yana iya kai wa mita 100, kuma hayaniyar wayoyin wuta da ke kusa ba ta shafarsa.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mazaunin ƙasar hunturu shi ne batun ƙura. Tsakiyar zaren da haske ke bi, a nau'in da ake ja zuwa nesa, faɗinta kusan kashi 9 ne cikin 1,000 na milimita. Silin gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ƙwayar ƙura guda idan ta zauna a bakin zaren tana iya dushe hasken, aiki ya riƙa tsinkewa, injiniya ya kwana yana zargin na'urar miliyoyin naira wadda ba ta da laifi. Shi AOC bakinsa a rufe yake zuwa, ƙura ba ta da mashiga. Wannan kaɗai ya isa hujja a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Yana da nasa aibin, ba shakka. Tsawonsa ƙayyadadde ne, ba a yanke shi ba a ƙara shi, kuma idan baki ɗaya ya mutu sai a jefar da kebul ɗin gaba ɗaya. Saboda haka tsakanin ɗaki da ɗaki, ko gini da gini, shimfiɗa zare na dindindin bisa tsari, kowane da lambarsa a rubuce, shi ya fi.

Damuwata ita ce yadda muke rubuta kwangila. Jami'a ko gwamnatin jiha za ta ware maƙudan kuɗi don kwamfutoci, a bar igiyoyi a layin ƙarshe na takarda, ɗan kwangila ya sayo mafi araha, yaransa su naɗe zaren gilashi kamar igiyar guga, alhali lanƙwasa shi fiye da kima na zubar da hasken. Araha dai ba ta ado. Ya kamata kowace kwangila ta tilasta a gwada kowane zare da na'urar awo, a miƙa sakamakon a rubuce kafin a biya kuɗi.

Na biyu, su wa za su yi aikin? A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi a faɗin ƙasa. Kowane tsinke a wannan hanya sai an sami mai iya waldar gilashi ya haɗa shi, kuma sana'a ce da matashi mai shaidar kwalejin kimiyya da fasaha zai ƙware a kai cikin watanni. Me ya hana kwalejojinmu na Kaduna da Kano da Bauchi su sayi na'urar waldar da ta awon, su sa ta cikin manhaja?

Ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, mun ga yadda hada-hadar bankuna ta tsaya cik daga Legas har kasuwar Kwari. Wancan daga teku ya zo, ba mu da iko a kansa. Amma wanda katafila ke tsinkewa a gefen titi, da wanda ɓarawo ke tonewa yana zaton jan ƙarfe ne, da wanda ke cuɗe a bayan kanta babu lamba babu taswira, duk a hannunmu suke, kuma gwamnoni da shugabannin jami'o'i da na kwalejoji ne ke riƙe da alƙalamin da zai gyara su.